Kafin Ludayi Ya Kai Bakin Yaro, A Nemi Yardar Iyaye

Duk wanda ya bi ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Watari, cikin Ƙaramar Hukumar Bagwai, zai ga wani abu wanda babu shi a zamanin kakanninmu. Da safe yara 'yan shekara uku zuwa biyar, waɗansu ko mazagi ba su iya ɗaurawa ba tukuna, suna biye da yayyensu zuwa makaranta. Ajinsu shi ne jama'a su ke kira rabin aji. Dokar ba da ilmi ga kowa ta 2004 ta sa renon ƙananan yara cikin ilmin tushe, tun daga nan kuwa irin waɗannan azuzuwa sai ƙaruwa su ke yi. Waɗansu na gwamnati ne, waɗansu na ikkilisiya, waɗansu na Islamiyya, waɗansu kuwa wata mace ce mai himma ta share zaure ta shimfiɗa tabarma.

Cikin aikinmu na zagayawa, mukan ƙarfafa malaman rabin aji su keɓe rana ɗaya a mako, ko a wata in ƙarfi bai kai ba, wadda yara za su ɗanɗana abincin gargajiya. Kunun gyaɗa, dambu da zogale, ɗan wake, alale, kwaɗon rama, fate da kabewa, gasasshen dankali mai jan ciki, da 'ya'yan itatuwa irin su kanya da ɗinya da magarya in lokacinsu ya yi. Ba ciyarwa mu ke nufi ba, ɗanɗano ne kawai, ludayi ɗaya ko biyu. Ana gaya wa yaro sunan abin, da inda ya ke tsirowa, da yadda a ke sarrafa shi.

Dalilinmu ba ɓoyayye ba ne. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa wanda aka yi a 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma, inda mu ke, yara 57 ne cikin 100. Ƙasar Watari kuwa ba ƙasar fari ba ce. Tun da aka gina madatsar a ƙarshen shekarun 1970 a ke noma damina da rani: shinkafa, alkama, masara, tumatir, albasa, ga kuma kifi. Amma mafi yawan amfanin yana hawa mota ya tafi Kano, yaro kuwa tuwo da miyar kuka ne da dare, ɗumamensa da safe. Miyar kuka ba ta da laifi, sai dai ita kaɗai ba ta isa gina jiki ba. In kuma aka ba yaron ɗan kuɗin tara, wajen mai biskit da alewa zai nufa. Akwai yaran da suka san ɗanɗanon Indomie sarai, amma ba su taɓa sa dambun zogale a baki ba, alhali itacen zogalen yana jikin dangar gidansu. Shirin ciyar da 'yan makaranta wanda Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016, an tsara shi ne domin 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare, ban da 'yan rabin aji.

Masana renon yara sun lura cewa ƙaramin yaro ba ya karɓar baƙon abinci tashi ɗaya. Sau da yawa sai an maimaita masa sau goma ko fiye. Abin da ya ƙi a gaban uwarsa kuma, yakan ci in ya ga tsaransa suna ci. A Faransa, tun cikin shekarun 1970 wani masani mai suna Jacques Puisais ya fara darasin ɗanɗano a makarantu bisa irin wannan tunani. Saboda haka aikin yana da kyau, muna kuwa so ya yaɗu.

To, amma akwai sharaɗi guda wanda mu ke kafawa, shi ne kuma ya ke jawo mana gardama da malamai. Muna cewa kada a ba kowane yaro ko cokali ɗaya sai iyayensa sun sani, sun kuma yarda. Wata malama ta ce mana, "Haba Malam, wai har sai na nemi izini kafin in ba yaro kunun gyaɗa? Abin da uwarsa ta ke dama masa tun yana goye?" Tambaya ce mai ma'ana, ta cancanci amsa mai tsawo.

ABIN DA KANO TA GANI

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa, dubban mutane suka rasu. Cikin wannan hali kamfanin magani na Pfizer, daga Amurka, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani wanda aka riga aka sani. Yara 11 suka mutu, waɗansu kuma suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, ya kuma ce an sami yardar iyaye da baki. Iyaye da yawa kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji a ke yi da 'ya'yansu. Aka yi ta shari'a shekara da shekaru, sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75.

Abin bai tsaya nan ba. A 2003, da jita-jita ta tashi a kan allurar rigakafin shan inna, mutane da yawa suka tuna da 1996. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin, ba a koma ba sai Yuli 2004. Cikin wannan tsakani cutar ta ƙaru, ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a lokacin yanzu manya ne, muna ganinsu a kasuwanni da tashoshin mota. Sai da aka jawo sarakuna da hakimai da dagatai da malaman addini, aka riƙa bi gida gida ana yi wa masu gida bayani, kana aka shawo kan al'amarin. A watan Agusta 2020 aka ba da shaida cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Mun sani kunu ba magani ba ne, malamar rabin aji kuma ba kamfani ba ce. Amma uban da ya ji cewa an ba ɗansa wani abu a makaranta ba da saninsa ba, ba zai tsaya bambanta wannan da wancan ba. A ƙasar Kano, maganar "an ba yara wani abu" tana da nauyi, jita-jita kuma ta fi babur gudu. Ajin da aka sha wahalar shekara biyu ana tara masa yara yana iya watsewa cikin mako guda, 'yan mata ne kuwa za a fara janyewa.

Ga kuma wani abu wanda ba a cika faɗa a fili ba, amma kowa ya san da shi. Tun yaro yana ƙarami a ke ja masa kunne kada ya ci abin hannun kowa, don tsoron sammu ko maita. Mu ba mu ɗauki wannan tsoro da gaskiya ba, amma yana nan cikin zukatan jama'a, Musulmi da Kirista duka. A aji mai yara arba'in, da damina, da wuya mako ya wuce ba wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar. In yaro ya sha kunu ranar Laraba a makaranta, ya kwanta ranar Alhamis, uwarsa kuwa ba ta san da zancen kunun ba sai daga bakinsa, wa ku ke tsammani za a nuna wa yatsa? Matar da ta dama. Mace tana iya rasa mutuncinta a gari saboda alherin da ta yi. In kuwa uwar tana wurin ran da aka shirya, ta ga gyaɗar, ta san mai damawa, wataƙila ma ita ta kawo tsamiyar, to zancen zazzaɓi zai tsaya a zazzaɓi, a kai yaro asibiti.

ABIN DA UWA TA SANI, MALAMA BA TA SANI BA

Ko da babu tarihi, babu jita-jita, da sauran dalili. Malama tana ganin yaro sa'a uku ko huɗu a rana. Uwa ita ta san cikinsa.

Akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar wani abinci. Wani in ya ci gyaɗa, ko ƙwai, ko kifi, ko riɗi, ko waken suya, ko ya sha madarar shanu, sai borin jini ya feso masa, leɓe da fuska su kumbura, ya yi amai. Ga kaɗan daga cikinsu abin yakan kai ga maƙogwaro ya toshe, numfashi ya gagara, cikin 'yan mintoci. Wata yarinya daga Ingila 'yar shekara 15 ta rasu a 2016 bayan ta ci burodin da ke da riɗi a ciki, ba a kuwa rubuta a jikin takardarsa ba. Saboda ita aka yi doka, wadda ta fara aiki a 2021, cewa mai sayar da abincin da aka ƙunshe lalle ya rubuta dukan abin da ke ciki. A can makarantun renon yara sukan tambayi iyaye wannan tun ran da aka kawo yaro.

Kada wannan ya sa kowa ya guji gyaɗa. Wani bincike da aka yi a Landan, aka buga a 2015, ya nuna cewa jariran da aka saba musu da abincin gyaɗa da wuri sun fi tsira daga wannan matsala nesa ba kusa ba, a kan waɗanda aka hana. Watau kunun gyaɗar da iyayenmu mata su ke ba yaro in ya fara cin abinci, bayan wata shida, dabara ce mai kyau. Amma ko yaro ɗaya ne cikin gari jikinsa ba ya karɓa, uwarsa ce kaɗai za ta iya gaya mana, in mun tambaye ta.

A nan ne ya kamata a lura da yadda abincinmu ya ke. Ba a cika samun abu ɗaya cikin kwano ba. Kwaɗo da ƙuli-ƙuli a ke yi. Yaji ma sau da yawa da ƙuli a ciki. Miyar taushe da gyaɗa, dambu da gyaɗa. Ɗan wake ba wake kaɗai ba ne, akwai garin rogo ko na alkama, da kuka, da kanwa. Daddawa ma yanzu wata ta kalwa ce, wata ta waken suya. Garin kunun da mu ke koya wa mata haɗawa, gwangwani shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, abu uku ne cikin kofi ɗaya. Saboda haka in malama ta ce wa uwa, "Za mu ba su kunu," ba ta gaya mata kome ba tukuna. Sai ta lissafa abin da ke cikin kunun ɗaya ɗaya.

Ban da wannan, uwa ce ta san yaron da ya tashi daga gudawa jiya, da mai amosanin jini, da wanda malamin asibiti ya sa wa ka'idar abinci, da wanda a ke yi wa maganin tamowa.

Sa'an nan akwai abin da gida ya hana. A waɗansu gidaje ba a ba yaro ƙwai, wai zai koyi sata. A waɗansu ana tsoron zaƙi, wai yana kawo basir. Yaron da a ke zaton yana da shawara, akan hana shi maiƙo. Tsofaffin gidaje na Maguzawa suna da kan gida, watau wata dabba wadda zuriyar ba ta ci, waɗansu jikokin kuma har yanzu suna kiyayewa. A ajin da ya haɗa 'ya'yan Musulmi da na Kirista, uba Musulmi yana da hakki ya san wanda ya yanka kazar, ya kuma tabbata tukunyar kunu ba ta taɓa ganin burukutu ba. Shawararmu ga azuzuwan ikkilisiya ita ce a sayi nama wurin mahaucin gari wanda kowa ya sani, a keɓe tukwane da ludaya na aji kaɗai, in kuma ana addu'a kafin a ci, a gaya wa iyaye tun farko. Maƙwabcin da ya ba mu amanar ɗansa kada ya ji wani abu daga baya wanda ba mu gaya masa ba.

WA ZA A TAMBAYA, TA YAYA KUMA?

Waɗansu makarantu na birni sukan buga takarda da Turanci, su sa a jakar yaro, uba ya sa hannu ya mayar. A ƙauye wannan ba neman yarda ba ne. Takardar takan ƙare wajen mai ƙosai. In ma ta dawo da dangwalen yatsa, mai dangwalawar bai san abin da ya dangwala wa ba. Yarda ita ce mutum ya ji, ya gane, ya sami damar tambaya, ya kuma san cewa in ya ce a'a ba abin da zai sami ɗansa.

Ga yadda mu ke bi. Da fari a je gaishe da dagaci ko mai unguwa, a ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da mu ke so mu yi, ga dalili." Haka kuma liman da fasto. Amma a kula, yardar dagaci buɗe ƙofa ce kawai, ba ta zama yardar uban yaro ba. Mai unguwa ba shi da ikon ba da izini a kan cikin ɗan wani.

Bayan haka sai maigida. A al'adarmu shi ne mai izini, in an tsallake shi an ɓata aikin tun ba a fara ba. Ana iya samun maza ta hanyar kwamitin iyaye da malamai, ko a dandali bayan la'asar, ko bayan sujada ran Lahadi. Sai dai kuma in ka tambayi maigida ko akwai abincin da ba ya karɓar ɗansa, sau da yawa zai ce, "Sai a tambayi uwarsa." Gaskiya ya faɗa. Saboda haka tambaya biyu ce: izini wurin uba, bayani wurin uwa. Matan da ke cikin kulle ba za su zo taro ba, namiji kuma ba zai shiga ba, don haka malama ce za ta bi su har ɗaki, ko wata dattijuwa daga zumuntar mata, ko unguwarzoma wadda gidajen suka saba da ita. Ba aikin yini ɗaya ba ne. Aji mai yara arba'in yana iya cin mako biyu ana zagayawa da yamma. Mun ga ya fi sauƙi a yi shi bayan an gama girbi.

A tuna kuma ba kowane yaro ne ke hannun mahaifiyarsa ba. Wani yana wurin kaka tun yaye, wani ɗan riƙo ne wurin gwaggo, wani uwarsa ta fita yana hannun kishiya, wani ubansa ya tafi cin rani Legas ko Abuja sai kaka. Wadda ta ke dafa wa yaron, ita za a tambaya. Kaka kuwa kada a raina ta. A gidaje da yawa in Inna ta ce ba za a ba jikanta abu ba, magana ta ƙare, in kuma ta yarda, ta fi kowa iya dambu.

Abin da ya fi kowane bayani aiki shi ne a dafa a gaban iyaye. A kira mata rana ɗaya, a kawo kayan ɗanye, su gani, su taɓa, a dafa tare, su fara ci kafin 'ya'yansu. A wani taro irin wannan wata tsohuwa ta ɗanɗana kunun waken suya, ta ce, "'Yata, wannan waken ba a gasa shi sosai ba, da sauran ƙarni." Ta karɓi kasko ta nuna yadda a ke yi. Daga ranar ita ce ke duba garin kunun ajin.

Sa'an nan a sami littafi guda, irin na makaranta mai shafi arba'in ya isa. Kowane yaro da shafinsa: sunansa, wanda aka tambaya, ranar da aka tambaya, abin da aka yarda, abin da aka hana, da dalili in an faɗa. A rubuta da Hausa, a karanta wa mai maganar ya ji. In ajami ya iya, ya rubuta da hannunsa. Amfanin littafin yana fitowa ran da malama ba ta zo ba wata ta riƙe mata aji.

IN AN CE A'A

A nan ne a ke gane ko tambayar ta gaskiya ce. In uba ya ce kada a ba ɗansa ƙwai, mu kuwa mun san ƙwai abinci ne mai gina jiki ƙwarai, mun kuma san ba ƙwai ke sa sata ba, me za mu yi? Za mu yi masa bayani, da ladabi, sau ɗaya, sau biyu. Za mu iya tambayarsa ko 'ya'yan malamin asibiti da su ke cin ƙwai sun zama ɓarayi. In ya tsaya a kan bakansa, to ba za a ba yaron ba. Ba za a fasa ƙwan cikin alale a ɓoye a ce ai ba zai sani ba. Zai sani, gama yaro ɗan shekara huɗu ba ya riƙe asiri. Ran da ya sani kuwa, ba ƙwai kaɗai aka rasa ba, har zogalen da waken da ya yarda da su. Wake da gyaɗa da kifi suna iya tsayawa a madadin ƙwai kafin ra'ayinsa ya juya, sau da yawa kuwa yakan juya in ya ga 'ya'yan maƙwabta.

Yaron da aka hana wani abu kada a bar shi zaune yana kallon bakin 'yan'uwansa. A tanada masa wani abin da aka yarda, a ba shi tare da kowa, ba tare da an yi shela ba. Kada kuma a ce masa, "Babanka ne ya hana." Wannan sa yaro ne tsakanin gida da makaranta.

Shi kansa yaron yana da tasa a'a. Mun san al'adar ɗura, inda a ke danne yaro a toshe masa hanci a zuba masa koko. Abu ne mai hatsari, gama kunun yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu. Ba shi da wuri a gida, balle a makaranta. Yardar uba ba izinin tilasta wa yaro ba ce. In ya ƙi, ya sansana, ya taɓa, ya kalli waɗansu suna ci. Wani makon a sake miƙa masa.

ALKAWARIN DA MU KE ƊAUKA

Wanda ya ce wa iyaye "ku yarda," ya ɗauki alkawari cewa abin da zai bayar lafiyayye ne. Nan aikin malamin gona ya shigo.

Gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba, ko an ajiye su wuri mai laima, sukan yi fumfuna mai haifar da dafin da a ke kira aflatoksin. Yana lalata hanta, ana kuma danganta shi da tsumburewar yara. Suya ko tafasa ba su kawar da shi. Maganinsa tsincewa: a zauna a fid da duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta canza launi, ko ƙwaro ya huda, a zubar. Abin takaici, sau da yawa mai kyau ce ke tafiya kasuwa, ragowar a yi ƙuli da ita. Ta ajin yara kada ta zama ragowa.

Wake kuma a san inda ya fito. Waɗansu masu ajiya suna zuba masa maganin ƙwari irin su Sniper, wanda ba a yi shi domin abinci ba. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Gara a karɓi wake daga hannun uban wani yaro a ajin, wanda ya ajiye nasa cikin buhun PICS mai rufi uku, ko cikin jarka mai murfi wadda iska ba ta shiga. Ganye da tumatir na lambun Watari, a tambayi mai lambun yaushe ya yi feshi na ƙarshe, a kuma wanke sosai.

Nono sai wanda aka tafasa madararsa kafin a kwantar, gama ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da waɗansu cututtuka. Ruwan damu da na wanke kofuna kada a ɗebo daga hanyar ruwan noman rani. Na famfo ko na rijiya mai murfi, a kuma tafasa. In za a yi zoɓo ko kunun tsamiya, a yi da tsamiya ta gaske ko lemon tsami. A 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano, waɗansu suka rasu, bayan sun sha abin sha da aka haɗa da wani gari da aka sayar musu da sunan ɗan tsami. Kullin garin da ba a san asalinsa ba kada ya shiga tukunyar yara.

Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kada a ba shi gyaɗa ƙwaya ƙwaya, ko aya, ko gurjiya busasshiya, gama suna iya sarƙe shi. A niƙa ko a daka. 'Ya'yan itace masu ƙwallo, irin su ɗinya da magarya da kanya, a cire ƙwallon tukuna. Kifi a tsince ƙaya. Yara su ci a zaune, bayan sun wanke hannu da sabulu, kowa da kofinsa. Barkono a rage. In wata uwa ta zo da goyo, a tuna jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai ya ke bukata, wanda bai cika shekara ba kuma ba a ba shi zuma.

Sabon abu ɗaya tak za a gabatar a rana, da safe, domin in wani abu ya faru a san mafarinsa, a kuma gan shi tun yara ba su tashi ba. In aka ga leɓe ko fuskar yaro ta kumbura, ko murya ta shaƙe, ko yana numfashi da ƙyar, ba lokacin ba shi manja ko madara ba ne, waɗannan ba su karya kome. A ɗauke shi nan take zuwa asibiti mafi kusa, inda a ke da allurar adirenalin, wani kuma ya ruga ya gaya wa gida. Tun kafin ranar ɗanɗano ta fari malama ta san mai babur ɗin da za ta kira, da lambar wayarsa a bangon littafin, ta kuma tambayi ma'aikacin asibitin ko suna ajiye allurar.

Abinci yana canzawa da lokaci: rama da tafasa da damina, sabuwar gyaɗa da kabewa da kaka, tumatir da karas da rani. Yarda kuma ta abin da aka ambata ce kaɗai. Wanda ya yarda da kunun gyaɗa a watan Oktoba bai yarda da kifi a watan Maris ba. Saboda haka a farkon kowane zango a sake zagayawa da jerin abincin zangon, a karanta wa iyaye, a gyara littafin, a kuma buɗe shafi ga kowane sabon yaro kafin ya karɓi kofinsa.